Ruwa ya tafasa a 97, yara sun goge sun rubuta 100

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum malamai, don Allah shawara nake nema. Jiya na yi wa 'yan ajina gwajin nan na ɗora ƙanƙara a wuta har ta narke ruwan ya tafasa, suna duba tamomita, wato ma'aunin zafi, duk bayan minti ɗaya suna rubutawa don su zana giraf. Kafin mu fara na zana musu a allo yadda yake a littafi, layi ya kwanta a digiri 0, ya hau, ya sake kwanciya a digiri 100. Muna kunna wuta sai abin ya watsa min ƙasa a ido wlh. Ga ƙanƙara cikin bika, kofin gilas ɗin nan na gwaji, ana gani amma tamomita na nuna 3, 5, wani rukuni ma har 9, kuma da ya tafasa ba wanda ya ga 100, daga masu 96 sai masu 97 sai rukuni ɗaya da suka ce su 102 suka samu. Abin da ya fi ci min rai, da na karɓi littattafansu kusan kowa ya goge ya saka 0 da 100 tas, giraf ɗinsu kamar an ɗauko hoto. Yanzu ban san me zan ce musu ba gobe.

Mai Kula da Lab: Wa alaikumus salam Malama. Tambaya huɗu kawai. Ƙanƙarar manya ce ko an farfasa ta? Kan tamomitar a ina yake, yana rataye ne ko yana zaune a gindin bika? Suna motsawa? Sannan wutar yaya girmanta?

Sabuwar Malama: Manya ne gaskiya, yadda muka ciro su haka muka zuba. Tamomita kuma jingine ta suka yi a jikin bika, kanta na ƙasa. Ba su motsa ba don na hana su, ina tsoron su fasa min ita. Wuta kuwa sun buɗe ta sosai don lokaci na ƙurewa

Mai Kula da Lab: Toh ai ruwa ba ya tsami banza. Tamomita ba ta san zafin bika gaba ɗaya ba, ita wurin da kanta yake kawai take ji. Kin sa ta a gindi inda wuta ke duka, ƙanƙara kuma tana yawo can sama, ai ruwan da ya narke ya sauko yana ɗumama shi take faɗa miki. Ki daka ƙanƙarar ƙanana sosai, ki cika bika da ita ruwa ɗan kaɗan a tsakani, ki rataye tamomita da abin maƙalawa kanta na tsakiya ba ta taɓa gindi ba ta taɓa gefe, ki ba su sandar gilas daban su riƙa motsawa ba tsayawa, wuta kuma ƙarama. Kin yi daidai da kika hana motsawa da tamomita, amma hana motsawar gaba ɗaya shi ya ɓata aikin.

Malamin Fiziks: Ƙari a kan wannan, ruwa yana da wani hali da yake ƙara rikita gwajin. Ya fi nauyi a wajen digiri 4, ba a 0 ba. Shi ya sa in ba a motsa ba ruwan da ya ɗan ɗumama zuwa 4 sai ya kwanta a ƙasa, mai 0 ya tsaya sama tare da ƙanƙara. Kenan ko ba wuta a ƙasa, ka bar kofin ruwa da ƙanƙara ka sa tamomita a gindi kana iya ganin 3 ko 4. Wannan 3 da 5 ɗin da yaran suka gani ba ƙarya ba ne.

Mai Maki: Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Yaran sun yi wayo. A jarrabawa in aka ce a nawa tsabtataccen ruwa ke tafasa ka rubuta 97 ka faɗi, magana ta ƙare. Malama ki bar su da 100 ɗinsu ki wuce darasi na gaba, silabus ba ya jiran kowa.

Tsohon Malami: Haba Malam. A'a, wannan kam ban yarda ba. Tambayar jarrabawa daban, tebur ɗin da yaro ya cika da idonsa daban. In ya ga 97 ya rubuta 100 kuma ka ba shi maki, ka koya masa cewa aikin lab wasan yara ne, amsar tana littafi, tamomitar ado ce. Yaron nan gobe shi ne zai zauna gaban na'ura a wurin aiki ta nuna masa abin da bai zata ba. Ni a ajina duk wanda ya kawo min 0.0 da 100.0 cif sai na kira shi na ce zo ka maimaita ina tsaye.

Mai Maki: Baba da girmanka, amma ka san aji mai yara da yawa da minti 40 ba wurin wannan dogon bincike ba ne. Ka fara ce musu wani lokaci 97 wani lokaci 100 sai su rikice su rasa duka biyun.

Tsohon Malami: Ba sa rikicewa in ka faɗi jimlar cikakkiya. Littafin ma ai ba cewa ya yi 100 ya tsaya ba, cewa ya yi 100 a matsin iska na daidai bakin teku, wato 101.3 kilofaskal a ma'aunin matsi. Mu ne muke yanke wutsiyar jimlar don sauri, sai yaro ya ɗauka 100 ɗin a jikin ruwa aka rubuta ta.

Malamin Fiziks: Haka ne. Duk hawa sama kamar mita 300 tafasa na sauka da kusan digiri 1, saboda iskar da ke danne saman ruwan ta ragu. Malama ki duba tsayin inda makarantarku take a waya. In kuna wajen mita 900 sama da teku to 97 ɗin nan ita ce amsar daidai, mai 100 ne ya yi kuskure. A ƙololuwar Ebarest, dutsen da ya fi tsayi a duniya, ruwa na tafasa a wajen digiri 70. A tukunyar matsi kuma da ake rufewa ruf yana kai wajen 120 kafin ya tafasa. Ruwan ɗaya ne, matsi ne ya canza.

Wani Malami: Ni ina ga masu 102 ɗin ruwan famfo suka yi amfani da shi, gishirin ciki ne ya ɗaga

Malamin Fiziks: Ana yawan faɗin haka amma lissafi bai ba da shi ba. Sai ka narkar da gishiri kusan giram 58 a lita ɗaya kafin tafasa ta ƙaru da digiri 1 kacal. Ruwan famfo bai kusa da haka ba ko kaɗan, da ba zai shawu ba. Ya fi yiwuwa kan tamomitar ne ke manne da gilas ɗin da wuta ke duka, ko kuma ita tamomitar ce ke da ƙari tun asali.

Mai Kula da Lab: Wannan ta biyun ita na fi zargi. Tamomitocin makaranta da yawa ba sa yarda da juna, wata ƙarin 1 wata ragin 2. Akwai kuma masu ruwa ja da zaren ruwan ya tsinke a ciki, ɗigo ya maƙale can sama, yaro bai lura ba sai ya karanta daga saman ɗigon. Abin da nake yi farkon zango, na haɗa dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan a babban bika na motsa, na tsoma su duka na jira minti biyu uku, duk wadda ba ta nuna 0 ba na manna mata takarda na rubuta ƙarinta ko raginta. Sannan ki lura da yadda suke dubawa, wani daga sama yake leƙowa wani daga ƙasa, dole ido ya zo daidai da kan zaren. Mafi muni masu ciro ta daga ruwa su kawo kusa da fuska su karanta, kafin su gama ta sauka

Sabuwar Malama: Innalillahi, wannan na ƙarshen da idona na ga wata tana yi ban kawo komai ba 😂

Ɗaliba: Malamai ku yi haƙuri in shigo, ni ɗaliba ce ba malama ba. Abin da ban taɓa ganewa ba tun ina sakandare, wuta tana ci, zafi na shiga, to ina yake zuwa da tamomita za ta tsaya cak? Haddacewa kawai na yi na wuce.

Tsohon Malami: Yauwa 'yata, ai wannan ita ce tambayar da gwajin gaba ɗaya yake son yaro ya yi. Tamomita tana auna yadda ƙwayoyin abu ke kai da komo da sauri ne, ba ta auna yawan zafin da ka zuba. A cikin ƙanƙara ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna a jere, kowa a mazauninsa yana ɗan karkarwa. In ta kai 0, zafin da ke shiga sai ya tafi wajen rushe wannan jeren, ba wajen ƙara musu gudu ba. Sai an gama rushewa, ƙanƙara ta ƙare, sannan ya koma ƙara gudu tamomita ta ci gaba da hawa. Haka a tafasa, zafin na tafiya ne wajen raba ƙwayoyin da juna gaba ɗaya su zama tururi. Shi ake kira ɓoyayyen zafi, don ya shiga amma ma'auni bai gan shi ba. Wani masanin kimiyya, Joseph Black, ne ya fito da maganar a birnin Gilasgo na Birtaniya wajen 1761, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ƙanƙara ke daɗewa tana narkewa a hankali maimakon ta zama ruwa nan take da zarar an wuce 0.

Malamin Fiziks: Bari in sa lambobi don ki ga girman abin. Giram ɗaya na ƙanƙara yana cin jul 334, ma'aunin yawan zafi kenan, kafin ya narke, yana nan a 0 ɗinsa bai motsa ba. Wannan zafin in ruwa ka ba wa zai ɗaga shi daga 0 zuwa kusan 80. Daga 0 zuwa 100 kuma jul 418 ne, don kowane digiri na cin 4.18. Amma mayar da giram ɗin nan tururi, jul 2260. Kin ga ya ninka na ɗumamawar fiye da sau 5. Kenan da wuta iri ɗaya ba asara, in narkewa ta ɗau minti 4, hawa zuwa tafasa zai ɗau 5, ƙafewa ƙarƙaf kuma wajen 27. Shi ya sa nake jin haushin giraf ɗin da ake zana layukan kwancen nan biyu tsayi ɗaya, yana ɓoye abu mafi ban mamaki a darasin. Kuma shi ne dalilin da ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni duk da dukansu 100 ne, in ya sauka a fata ya koma ruwa sai ya sauke maka 2260 ɗin nan tukuna.

Ɗaliba: Kai. Wato in na ƙara wuta ruwan ba ya ƙara zafi kenan?

Malamin Fiziks: Ko kaɗan, saurin ƙafewa kawai zai ƙara. Malama ma ki sa wannan a darasin, in ya tafasa ki ce su faɗi me zai faru in an ƙara wuta, su rubuta hasashensu tukuna sannan ki ƙara. Mafi yawa za su ce zai hau.

Tsohon Malami: Amma a kula da kalmar da ake faɗa musu. Na sha jin malami ya ce "zafi na karya haɗin" ya yi shiru, sai yaro ya tafi da cewa ruwan ya rabu zuwa haidurojin da oksijin, ka tambaye shi me ke cikin kumfar tafasa ya ce maka su ne. Riƙon da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ake saki, ita ƙwayar ruwan tana nan yadda take. Cikin kumfar tururi ne, ruwa ne dai. Sai kuma ƙananan kumfan nan da ke fitowa a jikin bika tun ruwa bai yi nisa ba, yara na ihu ya tafasa ya tafasa, wannan iskar da ta narke a ruwan ce ke fita, da sauran tafiya.

Mai Maki: Duk na ji kuma ban musa ilimin ba. Amma ku amsa min, wa ya taɓa samun layi a kwance sarai a 0 da bika da wuta? Ni shekaru ina yi ban gani ba. In gwajin ba ya ba da abin da muke so ya nuna to me ya sa muke wahalar da kanmu, mu zana a allo mana.

Mai Kula da Lab: A nan kam kana da gaskiya rabi. Ɓangaren ƙanƙara a kan wuta yana da wuyar fitowa tsaf, ko an motsa za ka ga yana ɗan rarrafe 0, 1, 1, 2 musamman in ƙanƙara ta kusa ƙarewa. Shi ya sa ni na fi son a juya abin, maimakon ɗumamawa a yi sanyayawa. Ka sa sitiyarik asid, wani farin abu mai kama da kaki, a kwalbar gwaji, ka tsoma kwalbar cikin ruwan zafi ya narke har wajen 85, ka ciro ka maƙala a iska da tamomita a ciki, yara na rubutawa duk rabin minti. Zai riƙa sauka sai ya zo wajen 69 ya tsaya, suna kallo yana yin fari yana daskarewa lambar ba ta motsi. Ba wuta a ƙasa da za ta rikita, layin na fitowa da kyau. In naku ba tsantsa ba ne zai tsaya ƙasa da haka kuma layin zai ɗan gangara, wannan ma darasi ne, haka ake gane abu mai gauraye. Gargaɗi ɗaya, in ya daskare kar kowa ya fizgi tamomitar, a mayar cikin ruwan zafi ya narke tukuna, na yi asarar da yawa a haka.

Wani Malami: Mu naftalin, farin sinadarin nan mai wari, aka yi mana da shi, 80 yake tsayawa. In babu asid ɗin kakin kyandir ba zai yi ba?

Mai Kula da Lab: Naftalin a bar shi, tururinsa ba shi da kyau ga yara a rufaffen ɗaki. Kakin kyandir kuma gauraye ne na abubuwa da yawa kowanne da inda yake daskarewa, ba za ka samu layin kwance ba sai dai gangara mai laushi. Amma in ka samu duka biyun ka ba rabin aji wannan rabi wancan su kwatanta giraf, ya fi dogon bayani.

Malamin Fiziks: A sanyayawa ku sa ido kan wani abu, wani lokaci lambar na wucewa ƙasa da inda ya kamata ta tsaya abu bai daskare ba, sai kwatsam ya fara daskarewa ta dawo sama ta kwanta. Yara na ɗauka kuskure ne su goge. Ba kuskure ba ne, narkakken abun ya rasa inda zai fara jeruwa ne, da ya fara sai ya saki ɓoyayyen zafin ya ɗumama kansa. A ganina ba hujjar da ta kai wannan, abu na cikin iska mai sanyi ba wuta kusa amma zafinsa ya hau.

Sabuwar Malama: Maganar tamomita, muna da tsofaffi masu zaiba a kabad an ce sun fi daidai, in fito da su?

Tsohon Malami: Kar ki ba yara, Malama. In ɗaya ta fashe kin shiga aikin kwashe zaiba a ƙasan aji, ga tururinta guba ne. Tun yarjejeniyar duniya kan zaiba ta Minamata ta 2013 ƙasashe ke janye kayan zaiba. Masu jan ruwan sun isa, ki dai tabbata mai kaiwa 110 ce. In kuna da mai lantarki ko ɗaya ce ki riƙe a hannunki ki riƙa zagayawa kina gwada nasu da ita.

Mai Maki: Mai lantarkin ma in ta nuna 97.3 sai su ce ita ce gaskiya don tana da ɗigo, alhali ita ma tana iya kuskure

Malamin Fiziks: Wannan kam haka ne 😂 a tsoma ta a ƙanƙara ita ma. Af, ku kan faɗa musu cewa shi kansa Anders Celsius, mai ma'aunin digirin nan, a 1742 a juye ya tsara ma'auninsa? Tafasa ce 0, daskarewa 100, bayan rasuwarsa aka juya. Ina faɗa musu don su san mutum ne ya zaɓi lambobin ya liƙa wa waɗannan wurare biyu, kuma ya zaɓe su ne daidai saboda a nan ma'auni ke tsayawa cak.

Sabuwar Malama: Malamai na dawo, yau muka maimaita. Na fara da ce musu na ga gogen da suka yi kuma laifina ne da na zana amsa a allo kafin gwaji, yau ba zane, kuma da biro za a rubuta ba fensir. Mun tsoma tamomita takwas a ƙanƙara tukuna, shida sun nuna 0 ko kusa, ɗaya 1, ɗaya kuma har 4, kuma ita ce ta masu 102 ɗin nan, ashe ba su yi ƙarya ba. Da dakakkiyar ƙanƙara da motsawa sun samu tsakanin 0 da 1 na mintuna masu yawa kafin ta fara hawa. Tafasa kuma bayan gyara kowa 97 zuwa 98, na duba tsayin wurinmu ya yi daidai da lissafin Malamin Fiziks. Da na ƙara wuta lambar ta ƙi motsi ajin ya kaure, wani har cewa ya yi tamomitar ce ta lalace sai da muka canza wata.

Mai Maki: Madalla. Amma don Allah kafin jarrabawa ki sa su rubuta jimlar nan da wutsiyarta sau uku, 100 a matsin iska na bakin teku, kar wani ya je ya zuba min 97 a takarda.

Sabuwar Malama: An gama Malam, sun ma rubuta yau a ƙasan giraf. Mai Kula da Lab, sitiyarik asid ɗin kamar yaya yawansa a kwalba ɗaya? Na samu wani a sito ina so mu gwada sati mai zuwa

Mai Kula da Lab: Wanda in ya narke zai rufe kan tamomita sosai, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kwalbar. Ki gwada ke kaɗai kwana ɗaya kafin darasin ki ga inda naku ke tsayawa da mintunan da yake ɗauka, in ya wuce lokacin aji ki rage.